Ku Tambaya Mu Amsa: Mujallar Mota Mai Tsada Ta Ci Kuɗinta Kuwa?

Wasiƙu da dama sun iso teburinmu a wannan wata kan mujallun mota na ƙasashen waje, irin waɗanda ake biyan kuɗinsu na shekara guda a dunƙule. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, kuma tun ina yaro nake sha'awar motoci. Na ga tallar wata mujallar Ingila mai kaurin takarda da ke fitowa sau huɗu a shekara. Kuɗin shekararta ya kusa kai abin da nake kashewa wajen juyen mai sau biyu. In biya, ko in haƙura? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa aljihu, ka fara sanin wace iri ce ke gabanka, don mujallun mota ba ɗaya suke ba. Akwai masu gwada sababbin motoci da kawo labarinsu, kamar Autocar ta Ingila wadda take fitowa tun 1895, kuma mako-mako ake buga ta, da Car and Driver ta Amurka, da auto motor und sport ta Jamus. Akwai masu yi wa mai saye jagora, kamar What Car? da Consumer Reports. Sai kuma na ƙawa, irin su Magneto mai fitowa bayan wata uku-uku, da The Road Rat, da Octane mai bin tsofaffin motoci masu daraja. Wadda ka kwatanta tana cikin kashi na ƙarshen nan.

Tsadarta tana da dalili. A da masu talla ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin buga mujalla, mai karatu yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da talla ta koma intanet, wasu mujallun suka daina fitowa a takarda, kamar yadda Autoweek ta Amurka ta yi a 2019. Wasu suka canja dabara: suka rage yawan fitowa, suka ƙara kaurin takarda da girman shafi, suka ɗora kuɗin a wuyan mai karatu. Road & Track, wadda aka kafa a 1947, haka ta yi a 2020, ta koma fitowa shida a shekara. Ke nan kai ne yanzu kake biyan abin da mai talla yake biya a da.

Abin da za ka samu shi ne dogon rubutu, wani lokaci shafi goma sha wani abu kan mota ɗaya ko mutum ɗaya, da hotunan da aka ɗauka musamman ko aka tono daga ma'ajiyar kamfanoni, da bugu mai kyau da ido ke jin daɗinsa. Labari da ɗumi-ɗuminsa kam babu. Mujallar da ke fitowa bayan wata uku, sannan ta ƙara makonni a hanya, duk sabuwar motar da ta ambata ka riga ka gan ta a waya tuntuni.

Yanzu ga lissafi. Kada ka tsaya kan farashin da aka rubuta da manyan baƙi, don wannan na mazauna Ingila ne. Nemi farashin da suka sa wa sauran ƙasashen duniya, wanda ya haɗa da kuɗin aikowa. Mu ƙaddara, don misali kawai, kuɗin shekara fam 60 ne, aikowa fam 30. Ya zama fam 90 a kan fitowa huɗu, kowace ta tashi fam 22 da rabi. In ɗaya ta salwanta a hanya, abin da ba baƙo ba ne, ukun da suka iso sun koma fam 30 kowace. Sai ka mayar da wannan naira da canjin da bankinka zai cire a ranar, wanda yakan ɗara wanda ake faɗa a labarai. Wannan adadin shi za ka auna da kuɗin juyen mai.

Shawararmu ita ce ka sayi fitowa ɗaya tak, tunda yawancinsu suna sayar da ɗai-ɗai har da tsofaffi. In ta iso, ka ba ta wata guda. Idan ka karanta manyan maƙaloli uku ko huɗu har ƙarshe, kuma ka sake ɗaukar ta bayan nan, to irinka aka yi wa ita, ka biya ba tare da nadama ba. Idan hotuna kawai ka duba ka ajiye ta a falo don baƙi su gani, ɗayar nan ma ta wadatar. Ka kuma lura Turancinsu mai nauyi ne, cike da barkwancin Ingila da sunayen 'yan tsere na shekarun 1960 da ba sa tsayawa yin bayaninsu.

Tambaya: Ina shirin sayen Camry ta 2008, 'yar Kwatano. Wani abokina ya ce in yi rajistar mujallar mota ta waje don kada dillalai su cuce ni. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, niyyar abokinka mai kyau ce, amma kuɗin zai tafi a banza. Yawanci mujalla tana gwada mota ne tana sabuwa fil, kamfani ya ba da aronta na 'yan kwanaki, a kan titi mai santsi. Kai kuwa motar da ta shekara goma sha wani abu tana aiki kake nema. Ɗauki motar da ka ambata. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da inji mai suna 2AZ-FE, lita 2.4, wanda daga baya aka san wasunsa da shan baƙin mai saboda matsalar fistan da ringinsa, har kamfanin ya tsawaita garanti a kansa a Amurka. Babu gwajin mako guda a 2007 da zai nuna wannan. Sai da motocin suka ci dubban kilomita abin ya bayyana.

Ga wata matsalar kuma. Yawancin irin wannan mota daga Amurka ake loda su, mujallun ƙawa kuwa da yawa na Ingila ne, inda sitiyari ke dama, kuma motocin kasuwarsu daban. An daina sayar da Camry a Ingila a 2004, ba ta dawo ba sai 2019, don haka ta 2008 ba ka ma ganin ta a shafukansu. Sunan ma yana yaudara. Honda Accord ta Turai ta 2003 zuwa 2007 wata mota ce daban da Accord ta Amurka, ta Turan ce ma aka sayar a Amurka da sunan Acura TSX.

Kuɗin nan ga inda za su yi maka amfani. Karɓi lambar shasi, mai baƙi da lamba 17, ka duba ta gindin gilashin gaba ta wajen direba, ka gwada ta da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da ta takardun kwastan. Saka ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta zai nuna maka ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, irin na jakar iska ta kamfanin Takata. Sannan ka sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, nan ake ganin haɗarin da aka rubuta, da ambaliya, da kilomitan da aka gani a baya, wanda shi ke tona asirin mitar da aka juya. Ragowar ka ba bakanike amintacce ya shiga ƙarƙashinta, ya zare filogi ya duba ko mai ya jiƙa su, ya tsaya baya ya ga ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi.

In lallai sai ka karanta wani abu, nemi Consumer Reports. Ba ta karɓar talla, da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, kuma tana tattara bayanan lalacewa daga masu motoci shekara-shekara. Car and Driver ma tana riƙe wasu motoci har su yi mil 40,000 tana rubuta duk abin da ya ɓaci. Sai dai ka kula da ma'auni. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Don ka san kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa, ninka adadin mil a galan da 0.425 in na Amurka ne, da 0.354 in na Ingila ne. Mil 30 a galan a mujallar Amurka kusan kilomita 12.8 ne a lita, a ta Ingila kuwa 10.6. A cunkoson Kano da iyakwandishan a kunne, ka sa ran ƙasa da haka.

Tambaya: Ta takarda ko ta waya, wace ta fi? Kuma yaya ake biya daga nan? Daga wata malamar makaranta a Jos.

Amsa: Malama, in bayani kike nema, ta waya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Babu kuɗin aikowa, babu ɓacewa, kuma ranar da ta fito can ranar za ki gan ta. Zinio da Pocketmags suna sayar da mujalla ɗai-ɗai ko ta shekara. Readly da Magzter da PressReader suna da tsarin biyan wata da ke buɗe mujallu masu yawa lokaci guda. Kafin ki biya, ki bincika abu biyu: ko tsarin yana aiki a ƙasar da kike, da ko mujallar da kike so tana ciki, don na ƙawa sosai ba kasafai suke shiga irin wannan jaka ba. Apple News+, alal misali, a Amurka da Ingila da Kanada da Ostareliya kawai ake samunsa. Allon waya ƙarami ne ga shafin mujalla, sai kin yi ta ja da yatsa, kwamfutar hannu ta fi. Ki sauke fitowar lokacin da kike da data mai arha, don hotunan suna da nauyi.

Wajen biya, ki tambayi bankinki ko katinki na naira yana aiki a waje da iyakar da aka sa masa. In bai yi ba sai katin dala. Babban tarkon shi ne sabuntawa da kanta. Sau da yawa farashin shiga rangwame ne, in wa'adi ya cika sai a cire cikakken kuɗi ba tare da an sake tambaya ba. Ranar da kika biya, ki shiga asusunki ki kashe wannan, ko ki sa wa wayarki tunatarwa mako biyu kafin lokacin. In ta manhajar waya kika biya, a Google Play ko App Store ake sokewa. Goge manhajar ba ya tsayar da cirar kuɗi, mutane da yawa nan suke faɗawa.

Ta takarda kuwa, yawanci ana aiko ta ne ba lambar bibiya. Akwatin gidan waya ko adireshin ofis ya fi na gida tabbas. Hanya mafi arha ita ce a yi rajistar da adireshin ɗan'uwa da ke zaune a Ingila, a biya farashin gida, ya tara ya taho da su in zai zo hutu, tunda irin wannan karatun ba ya tsufa. Sai dai suna da nauyi a jaka, ki nemi yardarsa tukuna.

Tambaya: Ni bakanike ne. Irin waɗannan mujallu za su ƙara mini ilimin aiki? Daga Zariya.

Amsa: Oga, ba za su ƙara ba. Ba sa rubuta ƙarfin ɗaure noti, ko zanen wayarin, ko tazarar bawul. Littafin gyara na Haynes ya fi maka, don ana rubuta shi ne bayan an kwance motar an sake haɗa ta, kuma na tsofaffin motocin da ke shigowa garejinka yana nan. Na'urar gano matsalar mota ta OBD2 mai baki 16 tana karanta kowace motar Amurka daga 1996, ta ba ka lamba irin P0300 in inji yana tsallake wuta, ko P0420 in tukunyar salansa mai tace hayaƙi ta raunana. Ka tuna lambar tana nuna inda za ka fara bincike ne kawai, kada ka canja kaya kafin ka gwada. In aiki ya cije, wasu kamfanoni irin su Toyota suna sayar da damar shiga littattafansu na gyara a intanet na kwanaki kaɗan, wanda kuɗin aiki ɗaya zai iya biya.

Tambaya: Maigidana ya tara mujallun mota kwali biyu, yana cewa wata rana za su yi kuɗi. Da gaske? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada a sa su a lissafin jari. Wadda aka buga da yawa ba ta tsada in ta tsufa. Masu ɗan tashi su ne fitowar farko ta mujallar da ba a buga da yawa ba, ko cikakken jeri ba giɓi, kuma masu sayensu suna Turai da Amurka, kuɗin aikawa zai cinye ribar. In cikinsu akwai L'Argus ta Faransa, farashin tsofaffin motocin da ke ciki na kasuwar Faransa ne a shekarar da aka buga, ba ya aiki a Maraɗi ko Yamai.

Tunda yana son su, a adana masa su da kyau. A fitar da su daga kwali, don gara tana son kwali, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bangon da ke jiƙa. A kwantar da su goma-goma, ana juya bayansu, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada tarin ya karkace. Da damina takarda mai ƙyalli tana mannewa in ta sha danshi, kuma in ta manne ba ta rabuwa sai ta yage. Akwatin roba mai murfi ya fi, a jefa ƙananan ƙunshin busar da danshi irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata ana dubawa.