Tambaya da Amsa: Shin Laifin Uwa Ne Haihuwar Mata Zalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haifi 'ya'ya mata huɗu a jere, dangin maigidana kuma suna ɗora mini laifi. Shin abinci ko muhalli na iya sauya jinsin jariri? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Jinsin jariri yana tabbata ne daga ɓangaren uba, domin ƙwan mace kullum yana ɗauke da ƙwayar gado ta X, maniyyi kuwa yana zuwa da X (sai a haifi mace) ko Y (sai a haifi namiji), saboda haka babu hujjar zarginki, shi ma maigidan ba zaɓa yake yi ba. A bisa ɗabi'a, ana haihuwar maza kusan 105 a kan mata 100, kuma babu abincin da aka tabbatar yana sauya hakan.

Muhalli yana da ɗan tasiri. Bayan hatsarin masana'antar sinadarai a Seveso ta Italiya a 1976, mazan da gubar dayoksin ta shiga jikinsu sun fi haihuwar mata. Sai dai abin da ya fi karkatar da adadin shi ne halin mutane, domin a ƙasar Sin, lokacin dokar haihuwar ɗa ɗaya, fifita namiji da zubar da cikin 'ya'ya mata sun sa adadin ya haura maza 115 a kan mata 100, Indiya kuma saboda irin wannan matsala ta haramta bayyana jinsin ɗan tayi a 1994.

Abin da ya fi damuna shi ne kada matsin dangi ya sa ki yi ta kunika, alhali likitoci suna ba da shawarar tazarar aƙalla shekara 2 kafin ɗaukar wani ciki.