Wa zan haɗa da wa? Tsara masu jifa a wasan kurket

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta makarantarmu. Ina da masu jifa biyar: biyu masu jifan gudu na hannun dama, bahago ɗaya shi ma mai gudu, sai masu murza ƙwallo biyu. Kullum da na hannun daman nan nake buɗe wasa don su ne gwanayena, amma da masu bugu sun zauna sai maki ya yi ta zuba. Yaya ake haɗa masu jifa?

Amsa: Wa alaikumus salam, kyaftin. Ina zargin gwanayen naka sun yi kama da juna ne fiye da kima. Ka san doka ba ta yarda mutum ɗaya ya jefa oba biyu a jere ba, in ya yi jifansa shida sai wani ya karɓa daga ɗaya ɓangaren. To idan gudunsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, ƙwallon kuma ta kusurwa ɗaya take fitowa, a idon mai bugu mutum ɗaya ne ya jefa masa sha biyu. Ido ya saba, ƙafa ta saba, sai duka.

Dubi Glenn McGrath da Shane Warne na Ostireliya. A wasannin Tes 104 (wato dogayen wasanni na kwanaki tsakanin ƙasashe) da suka buga tare sun fitar da masu bugu sau 1,001. McGrath ba shi ne ya fi kowa gudu a zamaninsa ba. Abin da ya iya shi ne ajiye ƙwallo a wuri ɗaya, dab da sandar waje (cikin sanduna ukun da mai bugu ke karewa, wadda ta fi nisa da ƙafafunsa), yau da gobe, har mai bugu ya rasa ta inda zai samu maki. Mutum ya sha wannan ƙunci na oba uku ko huɗu, ya juyo ya ga Warne, mai murzawa, yana lulo ƙwallo sama a hankali, sai zuciya ta ce masa ga wurin hucewa. Nan Warne yake jiransa. Wata rana kuma Warne ne ke ɗaure mutum, McGrath ya kwashe. Saboda haka abin da za ka fara tambayar kanka kafin kowace oba shi ne: wa ke tsare ƙofa, wa ke farauta? In duka biyun farauta suke, maki zai zuba ta ko'ina.

Sai dai mai tsare ƙofa yana bukatar kyaftin mai ganin aikinsa. A 1956, a filin Old Trafford na Manchester, Jim Laker na Ingila ya fitar da 'yan Ostireliya 19 cikin 20. Abokin jifansa Tony Lock ya yi aiki kusan daidai da nasa, ya tashi da ɗaya tak. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada ka cire yaro don bai fitar da kowa ba alhali shi ne ya hana su numfashi.

Bahagon nan naka kuwa dukiya ce kake ajiye da ita. Wasim Akram da Waqar Younis na Pakistan duk masu gudu ne, amma Wasim da hagu yake jifa, ƙwallonsa tana ratsa gaban mai bugu, Waqar kuma da dama, yana neman yatsun ƙafa da sanduna. Abin da suka yi wa Ingila a 1992 da tsohuwar ƙwallo har yanzu ana zancensa. Akwai wata riba kuma: inda bahago ke taka ƙafa bayan ya saki ƙwallo yana farfasa ƙasa daidai wajen sandar waje ta mai bugun hannun dama, kuma a nan mai murza ƙwallo zuwa ciki yake son ta sauka. Nathan Lyon, mai murza ƙwallo na Ostireliya, ya daɗe yana cin moriyar sawun abokin jifansa bahago Mitchell Starc. Amma idan a kan siminti ko shimfiɗa kuke wasa, manta da wannan, ba sawun da zai fito.

Za ka iya cewa ai James Anderson da Stuart Broad na Ingila duk na hannun dama ne, kuma su ne suka wuce adadin McGrath da Warne a Fabrairun 2023. Gaskiya ne. Amma lokacin da suke wasa tare, Anderson a iska yake lanƙwasa ƙwallo, Broad kuwa dogo ne, tasa bayan ta taɓa ƙasa take tasowa ko ta kauce. Ka zauna ka kalli naka biyun da kyau. In akwai irin wannan bambanci, ka bar su tare. In babu, raba su.

Masu murzawa kuma, ka haɗa su idan ɗaya na juya ta dama ɗaya hagu, kamar Ravichandran Ashwin da Ravindra Jadeja na Indiya. Ƙwallon da ke guje wa sandar bugu ta fi wadda ke shigowa wahala, don haka ka duba ko mai bugun bahago ne kafin ka miƙa ƙwallo. Iska ma tana da nata: wanda ya fi gudu a ba shi ɓangaren da take bayansa, mai murzawa ya fuskance ta.

Da ni ne kai, da gwani ɗaya da bahagon zan buɗe. Gwani na biyu ya jira, ya shigo tare da mai murzawa lokacin da masu bugu suka fara sakin jiki. Idan wasan oba 20 ne, kowa oba huɗu kawai yake da ita, kuma da mutum biyar dole kowa ya cika tasa, don haka tun kafin a fara ka ware wa gwanayen naka oba ɗaiɗai ko bibbiyu na ƙarshen wasa.