Ga 'yar uwar da aka rubuta wa gwajin VEP

'Yar uwa, wallahi ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Ido ɗaya ya yi hazo, yana ciwo in kin juya shi, an ce ki yi VEP, wato gwajin aikin jijiyar gani, kina tsoron lantarki za a jona miki a ka. Halin da na shiga ke nan a nan Jidda.

Ki kwantar da hankalinki, babu wutar da ke shiga jiki. 'Yan wayoyi ake mannawa a fatar kai, musamman ƙeya, don can sashen gani yake a ƙwaƙwalwa. A rufe miki ido ɗaya, ki ƙura wa allo mai gidajen fari da baƙi ido suna musanyawa. Na'urar tana auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Ga mai lafiya kusan milisakan 100 ne, shi ya sa za ki ga P100 a takardar. In kumburi ya taɓa rigar jijiyar gani, saƙon sai ya makara.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne likitan farko. Ya haska idona, ya ce lafiya lau, yawan kallon waya ne, ya ba ni maganin ɗigawa. Na ce masa jan mayafina ya koma kamar ya koɗe, ko ɗago kai bai yi ba. Kwana biyar ina ɗigawa. Ranar da na buɗe Alƙur'ani bayan Asuba, na rufe idon hagu, ban ga ko harafi ɗaya ba, a kan sallayar na zauna ina kuka. Dangin maigida har sun fara cewa sammu ne. Ashe sau da yawa kumburin yana can bayan ƙwayar ido, inda haskawa ba ta kai. VEP ɗin ne ya nuna.

Ki tsefe kitso, ki wanke kai, kada ki shafa mai. Ki tafi da tabaranki. Don Allah ki tambayi maganar hoton MRI, da gwajin jini na NMO da MOG, masu gano wasu cututtukan da ke kawo irin wannan kumburin, kada a tsaya a VEP kawai. Ni kwana 3 aka yi mini ƙarin ruwan sitirod, maganin rage kumburi, ta jijiyar jini.

Zafin ƙasar nan kuma, in na yi tafiya a rana hazon yakan ɗan dawo, in na huce ya wuce. Kada kuma ki firgita in an maimaita gwajin aka ga har yanzu saƙon yana makara, yakan daɗe haka ko gani ya dawo. Allah ya ba ki lafiya, ki sanar da mu yadda aka yi.