Kacici-kacicin jaridun Ingila: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu

Ƙanena, saƙonka ya same ni lafiya, kuma ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu. Allah Ya sa a fara a sa'a. Ka ce ka ga hoton da na sa a Facebook na wani shafin jarida mai gidaje baƙi da fari kamar gidan dara, ka karanta tambayoyin da ke gefe ba ka fahimci ko ɗaya ba, alhali ka ci 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Har kana tambaya ko Turancin naka ne bai nuna ba. Kwantar da hankalinka. Baturen da aka haifa a nan Lids ma, in ba a koya masa ba, haka zai zura wa shafin ido.

Sunan abin cryptic crossword. Ni dai kacici-kacicin jarida nake ce masa, don kusan sana'a ɗaya ce da tamu. Da aka ce mana "Baba na ɗaka, gemu na waje", ai ba mu tashi neman wani tsoho ba, mun san wuta ce da hayaƙi. To haka nan ma. Jimlar da ka gani ado ce kawai, an shirya ta don ta ɗauke maka hankali. Kowace tambaya gida biyu ce. Akwai ma'anar amsar, wadda kusan kullum take zaune a farkon jimla ko a ƙarshenta, sannan akwai dabarar harhaɗa haruffan amsar. Lambar da ke ƙarshe kuwa yawan haruffa ne.

Bari in nuna maka da irin wadda na fara ganewa. "Cheap, rotten fruit (5)". Da ka karanta sai ka hango ruɓaɓɓen kayan marmari ana karyar da shi a 'Yan Lemo da yamma. Manta da kasuwa. Fruit ita ce ma'ana. Rotten hannunka mai sanda ce, tana ce maka kalmar da ke kusa da ita ta lalace, haruffanta sun hautsine. Ka juya c, h, e, a, p, sai ga PEACH. Duk kalmar da ke nuna ɓarna ko maye ko rikici, irin su broken, drunk, mixed, wild, ka tuhume ta da wannan aiki.

Wata kuma amsar tana kwance a gabanka, a ɓoye cikin jimlar. Wannan ni na ƙirƙira ta don in rama abin da ake yi mini a wurin aiki: "African city in Balkan opera (4)". Bi haruffan a hankali: balKAN Opera. Garinmu ne. Dattijuwar da ta koya mini wasan ta yi minti biyar tana lissafa biranen Sabiya da Bulgeriya kafin ta kwashe da dariya.

Ita wannan baiwar Allah a ɗakin shan shayi na wurin aikinmu na san ta. Shekarata ta farko ba mai ce mini komai sai gaisuwa da zancen ruwan sama. Kullum tana kusurwa da jarida a ninke huɗu da fensir mai cizajjen gindi. Wata rana ta ɗago kai ta ce, kai ɗan Najeriya ne ko, zo ka ga ƙasarku. Tambayar da ta rubuta mini a gefen shafin ita ce "Capital of Nigeria has frozen water? Lovely! (4)". Na ce Abuja, da ƙarfina. Ta ce haruffa huɗu. Na ce to ko Legas suke nufi, ba su san an tashi tun 1991 ba? Ita ma biyar ce a rubutunsu. Ashe capital ɗin babban harafin farko ne na sunan ƙasar, wato N. Ruwan da ya daskare ICE. Haɗa su ka sami NICE, ma'anar lovely ke nan. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, kuma tun daga ranar nake da wurin zama a teburin nan.

Ka fara da ƙananan. Jaridar Guardian ta ɓullo da nata Quick Cryptic a 2024, yana fitowa ranar Asabar, gida 11 a kwance 11 a tsaye, kuma kyauta ne a shafinsu na intanet, ko daga Kano za ka iya buɗewa. Abin da ya sa nake tura kowane sabon shiga can shi ne, a kowane mako dabaru huɗu kacal suke amfani da su, kuma suna faɗa maka su a sama tare da misali. Times ma tana da nata tun 2014, gida 13 sau 13, amma sai ka biya, kuma ya ɗan fi tauri. Manyan na kullum 15 sau 15 ne. Kada ka taɓa su tukuna, za su sa ka tsani abin.

Inda za ka sha wuya ba a nahawu ba ne. Wahalar tana wurin abubuwan da suka tashi da su tun suna yara. Wasan kurket kaɗai ya cika shafin: duck sifili ce, don haka harafin O, run kuma R. Matuƙin jirgin ruwa AB ko TAR. Sarauniya ER, wato taƙaitaccen sunan sarautar Sarauniya Elizabeth, kuma har yau ana amfani da ita duk da ta rasu a 2022. Likita yana iya zama DR ko GP, shi GP ɗin ma ka riƙe shi da kyau, don shi ne likitan unguwa da za ka yi rajista da shi da zarar ka sauka. Learner dai ba za ta ba ka wahala ba, L ce, irin jan harafin da ake maƙala wa motar ɗan koyo a gida. Akwai kuma muguntar da na fi so: flower ba lallai fure ba, yana iya zama abin da ke flow, wato kogi. Sai a ce maka furen Landan mai haruffa shida, amsa THAMES.

Wadda har gobe nake jin haushinta ita ce ta sauti. In ka ga we hear ko reportedly, ana nufin kalmar da ke kama da wata a kunne. "Origin of ketchup, perhaps, we hear (6)" amsarta SOURCE, wai don a bakin mutanen kudancin Ingila daidai take da sauce, wato irin su ketchup. A bakina ba daidai suke ba, kuma 'yan Sikotlan ma, masu furta r ɗinsu tas, suna ƙorafi a kan irin wannan. Amma a nan na gane dalilin da ya sa direban bas yake sa ni maimaita magana sau biyu.

Ka tambaya ko zai taimake ka a karatu. Gaskiya ba zai rubuta maka kundin bincike ba, ba zai biya kuɗin haya ba, kuma cikin awa 20 na aiki da bizar ɗalibi ta yarje maka a mako ba wanda zai ɗauke ka don ka iya shi. An dai taɓa yi: a 1942 jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware nata cikin ƙasa da minti 12, daga baya hukumar yaƙi ta tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen don aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park. Wannan zamani ya wuce. Abin da ya yi mini ni shi ne ya koya mini zargin jimlar Bature. Mutanen nan gwanayen habaici ne, sai dai nasu ba ya zuwa da harara. Ranar da malaminka ya duba rubutunka ya ce "interesting", ko ya ce yana da 'yan ƙananan shawarwari, kada ka tafi gida kana murna. Koma ka sake aikin. Na daɗe kafin in gane haka, kuma a teburin shayin nan aka fassara mini.

Sannan ga duhun hunturu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka yi Magariba ka yi Isha'i, dare ko farawa bai yi ba. Gara ka sami abin da zai riƙe maka kai da ba waya ba.

In za ka fara, ka ɗauki fensir, ban da biro. Nemi masu ɓoyayyar amsa da masu hautsinannun haruffa tukuna, su ne masu sauƙi, kuma haruffan da suka ba ka za su buɗe maka na tsaye. In ka cika gida ba ka san dalilin amsar ba, kada ka wuce, zauna sai ka gano aikin da kowace kalma ta yi a jimlar.

Ga taka ta gwaji kafin ka taso: "Such a deal conceals African country (4)". Maƙwabta ne, ta wajen Borno. In ka samu ka turo mini da bayanin yadda ka yi. Kuma ka gaya wa Hajiya kada ta wahalar da kanta da kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za a karɓe. Kuka da yaji dai ina jira. Ka gaida mutanen gida.