Tambaya da Amsa: Me Zan Shuka a Ƙarƙashin Mangwaro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A tsakar gidanmu akwai tsohuwar bishiyar mangwaro da ciyawa ta ƙi fitowa a ƙarƙashinta. Da damina caɓi, da rani ƙura. 'Yata da ke Ingila ta turo mini hoton wani tsiro mai faffaɗan ganye, wai shi hosta, ta ce inuwa yake so. Tunda garinmu akwai sanyi, in sa ta aiko mini? Daga Hajiya, Rayfield, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sa yarinyar nan ta yi asarar kuɗinta. Hosta asalinsa daga Japan, Koriya da Sin yake, kuma sai ya kwanta makonni cikin sanyi mai kusan daskarar da ruwa kafin ya sake tohowa da ƙarfi. Gaskiya ne Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hunturun Disamba da Janairu yana sa mu rawar ɗari, amma bai kai can ba. Zai yi miki ganye da farko, daga nan sai ya yi ta ramewa.

Abin da ya rufe mini gindin mangwarona a Bukuru shi ne zebrina, tsiro ɗan asalin Meziko mai yaɗo a ƙasa. Saman ganyensa ratsin kore da ruwan azurfa, ƙasansa shunayya. Masu sayar da furanni a bakin titi suna da shi, amma in maƙwabciyarki na da shi, roƙo ya isa. Ki yanko reshe mai gaɓa uku ko huɗu, ki cire ganyen ƙasa, ki kwantar da shi, ki rufe gaɓoɓi biyu da ƙasa. Daga gaɓar ne saiwa ke fitowa. Ki bar tazarar santimita 30 tsakani, kuma ki jira watan Mayu, ruwa ya zauna.

Kada ki sa a yi haƙa mai zurfi, za a sassare saiwar bishiyar. A barbaɗa ruɓaɓɓen takin shanu kaurin yatsu uku, a shuka a ciki. Ni da na fara, jikin kututture na manna su, duk suka yi fari fat suka zube, don wurin ba haske, kuma bishiyar na shanye ruwan. Da na ja baya taku biyu, na sa aka rage rassan ƙasa rana ta ɗan leƙo da hantsi, sai launin ya fito har baƙi suna tambaya.

Da rani a ba shi ruwa sau biyu a mako, da safe. Busasshen ganyen mangwaro kuwa da hannu za a tsince, domin tsintsiya karya tsiron take yi. In kina kiwon kaji, ki killace wurin har ya kama, in ba haka ba za su tone miki shi a yini ɗaya.

Na san za ki ce macizai fa? Ki riƙa datse shi kada ya yi tudu, ki bar fili tsakaninsa da katanga. Ruwan jikinsa yakan sa wa wasu ƙaiƙayi, don haka mai datsewar ya wanke hannu da sabulu in ya gama.