Amsar Anti kan kwas ɗin ɗibar jini da na taimakon nas (na rubuto muryar saboda waɗanda ba su iya buɗewa ba)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Toh ƙanwata na saurari saƙonki, kin ce kin gama sakandare kina son ki shiga harkar lafiya amma ba ki da halin doguwar makaranta yanzu, kuma kin ga tallan kwas guda biyu, na ɗibar jini wato filebotomi da na mataimakiyar nas, wanne ya fi kuma ta yaya za ki gane makarantar kirki. Ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo dan maganar ba ta minti ɗaya ba ce.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Duk kwas ɗin nan biyu aikin hannu ne, kin gane, hannu. Dan haka makarantar da za ta ce miki komai a waya za ki yi, ki kalli bidiyo ki amsa tambayoyi a turo miki satifiket, wallahi kar ki ba su ko sisi. Karatun aji za a iya yinsa ta intanet, ban musa ba, amma jijiyar mutum sai yatsanki ya taɓa ta sau ba adadi kafin ya san ta. Ki je makarantar da ƙafarki, zuwa da kai ya fi aike. Ki ce su nuna miki ɗakin firaktikal, ki ga ko akwai hannun roba na koyo, da gadon asibiti, da na'urar awon jini. Ki tambaye su wane asibiti suke tura ɗalibansu, awa nawa, kuma wa ke tsayawa a kanki lokacin da kike aikin. In suka fara kame-kame a wannan tambayar toh kin samu amsarki. Sannan satifiket ɗin, wace hukuma ce ta amince da shi, kuma kar ki tsaya a bakinsu, ki bincika wajen ita hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya a inda kike son yin aiki, dan kowace ƙasa da tsarinta. Amurka misali tun dokar 1987 mai taimakon nas a gidajen jinya sai ya yi horon aƙalla awa 75, kuma 16 a ciki dole na aikin hannu ne a gaban malami, sannan ya ci jarabawa a sa sunansa a rajistar jiha, wasu jihohin ma sun ƙara awannin. Ingila kuma yawanci a bakin aiki ake horar da mutum, akwai wata takardar shaidar kula da marasa lafiya da suka fito da ita a 2015. Kinga takardar da ta yi aiki a can ba lallai ta yi a wani wuri ba.

Yanzu ɗibar jini. Mutane suna ɗauka soka allura ne kawai, alhali sokawar ita ce ƙaramin ɓangaren. Abu na farko da za a dasa miki a kai shi ne tabbatar da mutumin, ki tambaye shi cikakken sunansa da ranar haihuwa ya faɗa da bakinsa, ki gwada da takardar likita, kuma ki rubuta suna a jikin kwalba a nan gabansa kafin ki ɗaga ƙafa. Dan in jinin wani ya tafi da sunan wani, musamman gwajin rukunin jini na wanda za a yi wa ƙarin jini, rai ake magana. Sai robar ɗaure hannu, kar ta wuce minti 1 a ɗaure, in ta daɗe sakamakon gwaji yana canzawa. Jijiyar da aka fi nema ita ce ta tsakiyar lanƙwasar gwiwar hannu, kuma da taɓi ake nemanta ba da ido ba, wata za ki ganta shuɗiya tar amma siririya ce tana gudu, wata ba a ganinta sam amma yatsa na jinta tana dawowa in kin danna. In kin ji tana harbawa toh ba ita ba ce, ki bar wurin. Ki goge da sifirit ki bari ya bushe, bakin allura yana kallon sama, ki shiga a ɗan kwance kamar digiri 15 zuwa 30, in kin gama ki kwance roba tukunna sannan ki zare allura, a danna auduga kar a lanƙwasa hannu. Ba a ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa, ko hannun da aka yi wa mai wankin ƙoda hanya, ko ɓangaren da aka cire wa mace nono. In kin gwada sau biyu ba ki samu ba ki kira wani, ba abin kunya ba ne, masu shekara ashirin a aikin ma suna kira.

Sai kwalaben, nan ne ɗalibai ke shan wuya a jarabawa. Kowace kala da sinadarin da ke cikinta kuma akwai jerin da ake bi wajen cikawa. Kwalbar binciken ƙwayar cuta a jini ita ce farko, sai mai shuɗin murfi ta gwajin daskarewar jini wadda dole ki cika ta har layi, sai ja ko ruwan gwal, sai kore, sai mai ruwan hoda-hoda zuwa shanshanbale ta ƙirgen ƙwayoyin jini, ta ƙarshe ruwan toka ta suga. Dalilin jerin shi ne kar sinadarin wata ya shiga wata, ita ta ƙirgen jinin nan akwai sinadarin fotasiyam a cikinta, in aka saɓa jerin ya tsallaka kwalbar gaba sai lab, wato ɗakin gwaji, su ga fotasiyam ɗin mutum ya yi sama likita ya tayar da hankali a banza. Haka in kika girgiza kwalba da ƙarfi ƙwayoyin jini su fashe, shi ma fotasiyam ya hau, dan haka juyawa ake yi a hankali. Amma fa kala tana iya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ki saba karanta rubutun jikin kwalbar.

Mataimakiyar nas kuma, ke ce kike wuni da mara lafiya fiye da kowa. Wanka, canza kaya, ba da abinci, kai fo, zubar da jakar fitsari ki rubuta yawansa, gyaran gado mutum yana kai, ɗaga shi daga gado zuwa keke ba tare da kin karya bayanki ba, dan ciwon baya shi ne ke korar mutane da yawa daga aikin nan, ki koyi lanƙwasa gwiwa da kiran mutum na biyu. Za a koya miki awon jiki, bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen 37, hawan jini kusan 120 bisa 80. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, ki riƙa duba ƙugu da diddige da kafaɗa, jan da kika danna bai yi fari ba shi ne farkon gyambo. Mai shanyewar ɓarin jiki a zaune ake ba shi abinci kaɗan-kaɗan dan kar ya sarƙe ya tafi huhu. Ni a wajena babbar ƙimar mataimakiya idonta ne, ita ce za ta fara lura dattijon nan yau bai ci ba, ko maganarsa ta rikice, ko fitsarinsa ya ragu, ta je ta faɗa wa nas nan take. Amma ki san iyakarki, ba ke ce mai rubuta magani ba, ba ke ce mai faɗa wa dangi sakamakon gwaji ba, ko da sun kira ki nas sun roƙe ki. Kuma abin da kika gani a ɗakin mara lafiya ya tsaya can, ba hoto ba sitatus.

Wani abu da ya shafi duka biyun, dan Allah kafin ki fara firaktikal ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Mutane HIV suke tsoro, alhali in allurar mai HIV ta soke ki haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1000, shi kuwa ciwon hanta na B ga wanda bai yi rigakafi ba yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, kai tsaye akwatin allurai. In tsautsayi ya faɗa ki wanke da sabulu da ruwa ki kai rahoto a take, akwai maganin kariya daga HIV da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, kuma iya saurin farawa iya amfaninsa, kar ki ɓoye dan tsoron faɗa. Makarantar da ba ta ko ɗaga muku maganar nan ba ni dai ban yarda da ita ba. Safar hannu kuma ba ta maye gurbin wanke hannu, ko kin sa sai kin wanke kafin da bayan kowane mutum.

Toh wanne za ki zaɓa? Ki dubi halinki. In ke mai son tsari ce, hannunki ba ya rawa, kina iya kwantar wa mai tsoron allura hankali cikin minti biyu ki sallame shi ki karɓi na gaba, ɗibar jini zai yi miki, kuma hanya ce ta shiga aikin lab nan gaba. In kuma burinki wata rana ki zama cikakkiyar nas toh ni shawarata ki yi na taimakon nas, dan a nan za ki san ko zuciyarki tana ɗaukar wari da aikin dare da ganin mutuwa, gara ki sani cikin 'yan watanni da ki sani bayan kin kashe shekaru. Gsky albashin farko a duka biyun ba wani mai yawa ba ne, kar wani mai talla ya ruɗe ki, kuma duk wanda ya ce miki daga gama kwas ga aiki a ƙasar waje a hannu ki ce ya rubuta miki ya sa hannu ki ga yadda zai yi.

Af, na ga wata a ƙasa ta tambaya wai ita jiri take ji in ta ga jini ko za ta iya. Da yawa suna sabawa, ki ci abinci kafin ki shiga, in kin ji kanki na juyawa ki faɗa ki zauna kar ki daure da allura a hannunki. In an yi makonni abin bai sake ki ba akwai ɓangaren ajiye bayanan marasa lafiya da na taimako a ɗakin magani, su ma aikin asibiti ne. Ke kuma ƙanwata in kin je makarantar ki ɗauko min hoton jadawalin karatunsu da sunan hukumar da suka ce ta ba su izini ki turo min ta gefe in duba miki. Sai anjima.