Out Run ne ya ƙara wuya, ko hannuna ne ya tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yaro na buga Out Run, wasan tuƙin mota, sosai a injin wasa da ake jefa wa tsabar kuɗi. Kwanan nan na koma masa a talabijin na zamani, amma ko zango na biyu ba na wucewa, lokaci sai ya ƙare. Wasan ne ya canza ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa shekaru laifin duka.

Tun da kamfanin Sega ya fitar da wasan a 1986, ƙarƙashin jagorancin Yu Suzuki, abokin gabarka ba motocin kan titi ba ne, agogo ne. Haka aka tsara shi da gangan, domin injin yana cin kuɗi ne duk lokacin da agogo ya kai sifili. Mai gidan wasa ma yana iya ƙara ko rage lokacin ta wasu ƙananan maɓallai a cikin injin. Wataƙila wanda ka saba da shi an sassauta masa.

Amma babban abin da nake zargi shi ne talabijin ɗinka. Tsohon allo mai ƙaton baya yana nuna hoto nan take. Na zamani kuwa sai ya gyara hoton tukuna, ya ƙawata shi, kafin ya nuna maka. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a gudun kilomita 293 a awa, ka juya sitiyari kana ganin kwana a gabanka, ashe motar ta riga ta shige ta. Sai ka ji gwaf, ta daki bishiya ta yi ta wuntsilawa, direba da budurwarsa zaune a kwalta. Shiga saitin talabijin ka kunna yanayin wasa (Game Mode). Wannan kaɗai na iya dawo maka da rabin ƙwarewarka.

Sai batun hannu. Injin asali yana da sitiyari da totur na ƙafa, kana juyawa kaɗan-kaɗan. Maɓallin kibiya na abin sarrafa wasa na hannu kuwa ko dai ka juya gaba ɗaya ko ba ka juya ba. Yi amfani da 'yar sandar da ake turawa da babban yatsa.

Giya biyu ce kawai, ƙasa da sama. Mutane da yawa na manta mayar da ita ƙasa bayan hatsari, motar ta tashi kamar mai jin barci, daƙiƙu suna zubewa. A kwana kuma ɗaga ƙafa daga totur ya fi taka birki.

Zango 15 ne gaba ɗaya, kana bin biyar a kowace tafiya. Zaɓi hanya ɗaya ka haddace ta kafin ka leƙa sauran. In kuma ka ga jar motar ba ta yi kama da Ferrari Testarossa da ka sani ba, idonka lafiya lau. A sababbin fitarwa, irin ta na'urar wasa ta Nintendo Switch, an sauya mata siffa saboda batun lasisi.